Inda Makara Ke Juyawa

Duk wanda ya tashi a tsibirin Lamu ya san lungun su Somoe ko da bai taɓa shigarsa ba, domin lungu ne da ba ya ɓullewa ko'ina. Idan ka baro titin masallaci ka kutsa tsakanin bango da bango, sai ka ci karo da kwana ɗaya zuwa hagu, daga nan gidaje ne ke kallon juna har ƙarshe, inda ƙofar su Somoe ta tare hanya. A da kowane gida a nan cike yake da mutane, ƙamshin kwakwa da soyayyen kifi ba ya yankewa. Yanzu duk an sayar wa masu zuwa hutu, su zo su buɗe tagogi su sha iskar teku, su kulle su tafi sai baɗi. Mutum biyu kawai suka rage masu kwana da tashi a lungun, Somoe da yayanta Famau. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna aure a Mombasa, shi ma Famau matarsa ta riga shi tafiya, sai suka koma gidan ubansu suna tsufa tare.

Gidan da ke kan kwanar na uban wani ɗan unguwar ne da ake kira Shebwana. Wanda ya gina shi tun zamanin kakanni ya fafe kusurwar, ya yanke mata tsini tun daga ƙasa har sama da kan mutum, kuma ba don ado ya yi ba. Makara doguwa ce, ga hannuwa gaba da baya, kuma a kwance ake fitar da mutum daga gidansa zuwa masallaci. Ta wannan fafaffiyar kusurwa uban Somoe ya fita, da uwarta, da mijinta. Famau ne ke riƙe kan makara a wurin tun yana da ƙarfinsa. Shi zai ce na baya su dakata, na gaba su manne da bango, a ba da kafaɗa a hankali, sai makara ta juya ko yadin da aka lulluɓa mata bai goga bango ba. Sana'arsa toshe ɓarakar jiragen ruwa ce da kurfi da guduma, amma a unguwa da wannan aka fi saninsa.

Wata damina gidan kan kwanar ya zube, don magada sun watse ba mai shafa masa ko farar ƙasa. Aka ciro ƙofarsa mai sassaƙa aka ajiye a ɗakin wani maƙwabci, sauran ya zama kango, kyanwoyi suka gaje shi. Shekaru suka shige, mutane suka saba da ganin fili a wurin, kuma da yake lungun ya zama ba kowa, an daɗe ba a fito da gawa ta nan ba. Ana cikin haka Shebwana ya dawo daga Maskat da tumbi da agogo, ya ce zai tayar da gidan ubansa ya mai da shi masaukin baƙi.

To a tsohon gari ba ka ɗora dutse kan dutse sai ofishin kula da gine-ginen tarihi ya yarda. Ni ban ƙi wannan ba, wallahi, da ba don su ba da tuni an cika mana gari da gilashi da tayil. Suna da doka kan tsayin bene, da siffar taga, da cewa farar ƙasa za a shafa ba fenti ba, da ɓoye tankin ruwa yadda ba za a hango shi daga teku ba. Kowace ƙofa mai sassaƙa a garin nan sun ɗauke ta hoto sun ba ta lamba. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk dokokin nan na ido ne, na abin da baƙo zai gani ya ce kai, garin nan bai canja ba. Wanda ke cikin gidan kuwa, yadda zai shiga da yadda zai fita, ba su rubuta ba, don a wurinsu kowa ya sani.

Aka kira taron maƙwabta a zauren ofishin, wanda daga shi ba wani, in an sa hannu an gama. Famau a lokacin ƙirjinsa ya fara cinye shi, ya rame, tari ba ya barinsa ya gama magana. Somoe ta ce ya zauna a gida, ya ce shi ba gawa ba ne tukuna. Ya ɗaura zanensa ya sa hula ya dogara sanda, suka tafi a hankali suna hutawa a kan dakalin mutane. A zauren aka ba shi kujera a gefenta, kafaɗa da kafaɗa.

Mai zanen ginin wata budurwa ce daga Mombasa, sunanta Swabra, kuma kada wani ya ce yarinyar nan ba ta yi aikinta ba. Ta yi yawo gida gida tana duba yadda magabata suka yi baka da alkuki da matakala. Da yake ta san tsofaffi ba sa gane zanen takarda, sai ta haɗa ginin da kwali, ɗan ƙarami, har da lungun a gefensa, ta ɗora a kan tebur. Shugaban ofishin, Bwana Lali, ya buɗe taro da dogon jawabi kan martabar gari, sannan ya ce maƙwabta su faɗi abin da ke ransu.

Somoe ba ta da nauyin baki in ba a gaban manya ba, kuma manyanta duk sun ƙare. Ta ce tagogin sama kada su leƙa tsakar gidanta, don a can take tsefe kai. Swabra ta rubuta, ta ce za a juya su wajen teku. Somoe ta ce a mayar da dakali a bakin lungu yadda mai hawowa da kaya zai sauke numfashi. Aka yarda. Ta ce ƙofar uban Shebwana a dawo da ita inda take, tana kallon lungu, ba a kai ta wani ɗaki baƙi su riƙa jingina da ita suna ɗaukar hoto ba. Shebwana ya ɗan yamutsa fuska, amma Bwana Lali ya buga tebur ya ce wannan ita ce magana, a rubuta.

Daga nan Somoe ta miƙa hannu tana shafa ɗan ginin kwalin, yatsanta ya bi lungun ya iso kwana, sai tsinin kusurwa ya soke ta. Kusurwar a cike take, a tsaye ƙyam, yadda taswirar filin ta nuna, don taswira ba ta san an taɓa fafe komai ba. Ta ɗago kai, Swabra na kallonta.

"Gwaggo, akwai wani abu da lungun nan yake bukata wanda ban gani ba? Ni baƙuwa ce, ke kika rayu a ciki. Ki faɗa mini yanzu, gyara a kwali ba wuya."

Kalmar ta zo har bakin Somoe. A daidai lokacin tari ya turnuƙe Famau, ya sunkuya yana riƙe ƙirji, kafaɗarsa na bugun tata, kowa a zauren ya yi shiru yana jira ya lafa. Mu nan ba a ambaton makara a gaban mara lafiya. Ba a yi, ko da wasa. Wanda ya yi an ce ya yi wa mutum baki, ya gaji da jinya yana kira masa tafiya, kuma in Allah ya ɗauki ran, maganar za ta bi shi har nasa kabarin. A lungun da mutum biyu suka rage, ɗaya yana tari haka, in ta ce ta ina makara za ta juya, ai ta faɗi sunan wanda zai kwanta a ciki ke nan, a gaban idonsa, a gaban jama'a.

Sai ta ce, "Jaki. Kwanar ta yi tsini, jaki da kaya ba zai juya ba."

Aka yi 'yar dariya. Shebwana ya ce Gwaggo ba ta son a takura wa jakuna, Allah ya ba ta ladansu. Swabra ba ta yi dariya ba, ta ce magana ce mai kyau, a gwada. Somoe ta ji sanyi a ranta, don a zuciyarta jaki ne ɗauke da dogayen itacen rufi, irin waɗanda ake kawowa daga bakin ruwa, kuma itacen nan sun kusa tsawon makara. In suka maƙale, kowa zai gani da idonsa ba sai ta furta ba. Ta saci kallon sauran dattawan da ke zauren ko wani zai gane ya taimake ta, amma duk 'yan titin masallaci ne, hanyarsu a miƙe take, kuma ko akwai wanda ya gane, shi ma Famau yake gani a zaune.

Washegari aka kafa turaku a kangon aka ja igiya daidai inda bango zai tsaya. Aka kawo jaki. Mangalar yashi ce a bayansa! Jakin ya zo ya juya kwanar yana kaɗa jela ko igiyar bai taɓa ba, aka sake mai da shi ya dawo, Bwana Lali ya ce to Alhamdu lillahi. Somoe ta ce a kawo mai itace, aka ce mata Gwaggo wa zai yi rufi a lungun nan yanzu, in ma an tashi ai a kafaɗa za a shigo da su ɗaya ɗaya. Famau yana tsaye a bakin ƙofa ya jingina da sanda yana kallo. Ta haɗiye maganar karo na biyu, aka sa hannu, Swabra ta yi musu sallama ta hau jirgi ta koma Mombasa.

Somoe ta ce wa ranta za ta sami Shebwana shi kaɗai ta warware masa. Amma a makon nan jikin Famau ya rikice, aka kwantar da shi asibiti, ita ce a gindinsa ba dare ba rana. Da suka dawo gida an kewaye kangon da kwano, ba ka jin komai sai ƙarar injin kwaɓa siminti da tsawar masu jakuna. Ran da aka ɗauke kwanon ta sauko sayen kifi, ta tarar da kusurwar a tsaye, fara fat, tsininta kamar bakin wuƙa. Ginin kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. An lulluɓe shi da dutsen teku da farar ƙasa, ga baka, ga dakali, ga tsohuwar ƙofar an goge ta da mai tana sheƙi a inda ta ce a sa ta. Ta buɗe hannuwanta a kwanar ta auna da idon da ya ga fitar uba da uwa da miji, ta san ba za ta yiwu ba.

Ta sami Shebwana a saman bene yana nuna wa ma'aikata inda za su jera kujeru. Yaron da ta sha ba shi wainar shinkafa a bakin ƙofarta yana majina. Ya tare ta da fara'a, ya sa a kawo gahawa da alewar da ake ce wa halwa, ba ta taɓa ba. Ko a nan bakinta bai iya kiran abin da sunansa ba, ta ce masa akwai abin da maza ke ɗauka a kafaɗa daga gida zuwa masallaci, wanda ya ɗauki ubansa, kuma ba zai juya a kwanar nan ba. Ta ga ya gane, don fuskarsa ta canja ya daina murza agogo. Sannan ya ce ginshiƙi ne a cikin kusurwar, siminti da rodi, shi ke ɗauke da bene uku, farar ƙasar riga ce kawai aka sa masa. Ya ce da ta faɗa a taro da ba a kai ga haka ba.

"Gwaggo, ki bar wannan zancen don Allah," in ji shi. "Baba Famau zai tashi da yardar Allah. Kada ki yi masa baki."

Ka ji fa. Al'adar da ta ɗaure mata harshe ita ya ɗauko ya toshe mata baki da ita, a kan benensa, yana miƙo mata halwa. Somoe ta sauko, ba ta tsaya ba sai ofis. Bwana Lali ya saurare ta da ladabi, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai. Amma lokacin ƙorafi ya wuce, ginin ya cika kowane sharaɗi, har ma suna shirin nuna shi ga masu son gini a tsohon gari a matsayin abin koyi. Yanke kusurwa kuwa canja fuskar gini ne, sai an kawo sabon zane, kwamiti ya zauna, kuma mai gida ne zai nema ba maƙwabci ba. Ya raka ta har bakin ƙofa yana tambayar jikin Baba.

Ba ta gaya wa Famau komai ba. Wata la'asar tana shafa masa man kwakwa a ƙafa a tsakar gida, iska na shigowa ta sama, sai ya buɗe ido ya ce da ita jakinta ya ci amanarta. Ta ce wane jaki. Ya yi dariya har tari ya kama shi, da ya lafa ya ce tun kafin ta taɓa kwalin nan ya ga kusurwar, shi da ya yi rabin rayuwarsa yana juya mutane a wurin.

"To me ya hana ka magana, Yaya?"

"Ke. Kina zaune kusa da ni da hawan jininki da kumburin ƙafarki. In ce makara a gabanki, a ce Famau ya gaji da ƙanwarsa?"

Somoe ta saki ƙafar. Ta ce shi da ko numfashi ba ya iya ja shi ne yake tausayin wani, ya ce ita da take hawa matakala tana hutawa sau nawa, ai shi ya ɗauka ita za ta riga shi. Suka yi ta musu kan wanda ya fi kusa da kabari, suna dariya, hawaye na zubo mata a kan man da ke hannunta. Can ya daina dariya ya kama hannunta.

"Kada ki bari su tsai da ni, Somoe. Na ga an yi wa wani a garin Siyu, an ɗaga makara tsaye don ta wuce, mutumin ya zamo ya taru a ƙasa cikin likkafaninsa. A kwance nake so in fita, daga ƙofar nan, yadda na fitar da Baba."

Ta ce masa to.

Ya cika da hantsi, wata Talata, bayan ya sha 'yar gahawa. Kafin azahar an yi masa wanka an suturta shi. Maza suka ɗauko makara daga masallaci, da suka iso kwanar sai da suka tayar da ita tsaye suka zuro ta, kuma ba wanda ya kalli ɗan uwansa. Liman ya aiko a gaya wa Somoe ko za a bar makarar a bayan kwana a fito da mamacin a tabarma. Ta ce ba buhun gawayi ba ne, makara za ta zo ƙofar gidan ubansa ta ɗauke shi kamar kowa. Ta san ba za ta juya ba, amma ta yi alkawari, kuma wani ɓangare na zuciyarta yana so garin nan ya zo ya tsaya a gaban kusurwar ya gani.

Mata ba sa bin gawa, sai ta hau bene ta tsaya a tagar da ke kallon tsawon lungun, 'ya'yanta da suka zo jinya tun kwana biyu suna bayanta. Aka fito da shi ana salati, lungun ya cika da maza kamar da, kafaɗa na karɓa daga kafaɗa. Shebwana na cikinsu, ya sa farar riga, ya kama hannun gaba. Suka iso kwana. Na gaba suka manne da bango, na baya suka dakata, duk yadda Famau ya koya musu, hannun makara ya daki kusurwar ya kankaro farar ƙasa. Suka ja baya suka sake. Suka ɗaga ta sama da kai, suka sauke ta har gwiwa, suka karkata ta gefe har koren yadin ya fara zamewa. Salati ya yi ƙasa ƙasa ya mutu. Sai ta ji wani ya ce a ɗaure shi da rawani a tayar da ita tsaye, minti ɗaya ne.

Somoe, wadda tun da aka yi mata aure namijin waje bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta leƙo da kanta ta taga.

"Kada wanda ya tsai da shi. Shebwana, buɗe ƙofar ubanka."

Ta tuna gidan tun tana yarinya. Bayan ƙofar nan zaure ne mai faɗi, ya ratsa ya fita titin masallaci ta ɗaya gefen, makara za ta shige a miƙe ba sai ta juya ba. Ita ta sa aka dawo da ƙofar, ga ta nan a gabansu tana sheƙi, ga amfaninta ya zo. Duk maza suka juyo suna kallon Shebwana. Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ba ta buɗuwa."

"Ka aika a kawo makulli."

"Ba makulli. Bango ne a bayanta. Ɗakin wanka ne na baƙi."

An ce a mayar da ƙofa, an mayar. Ba wanda ya rubuta cewa sai ta buɗe, Shebwana kuwa ba ya son baƙinsa su riƙa fita ta lungun baya, sai ya sa aka kafe ta a jikin bulo da ƙusoshi bayan mai zane ta tafi. Ofis ya zo ya duba ya ɗauki hoto ya ba ta lambarta ta da.

Aka sauke makara a ƙasa, a cikin lungu, kusa da kwatar ruwa. Aka yaye yadin. Maza suka sa hannu suka ciro Famau cikin likkafaninsa, wani ya kama kafaɗu wani ƙugu wani ƙafafu, suka zagaya da shi kusurwar a hannu suna takun ƙaguwa, farar ƙasa na goga a jikin likkafanin. Wasu suka tayar da makarar suka zura ta, aka mayar da shi ciki a ɗaya gefen, inda Somoe ba ta iya gani. Ba a tsai da shi ba, wannan kam ta cika masa. Amma bai fita a kwance cikin makararsa ba, mutumin da ya juya rabin matattun unguwar nan ba tare da yadinsu ya taɓa bango ba.

Cikin zaman makoki Swabra ta zo daga Mombasa, don labarin ya kai mata. Ta durƙusa a gaban Somoe idanunta jajur, ta ce da an ce mata kalma ɗaya da ta matsar da ginshiƙin ciki, ba abin da zai ci sai 'yar kusurwar ɗaki. "Na tambaye ki, Gwaggo," in ji ta, ba da faɗa ba. Somoe ta ce ta sani, ta tambaya. Ta dafa kan yarinyar, amma ba ta iya ce mata komai ya wuce ba, don bai wuce ba. Bwana Lali ma ya zo ya yi gaisuwa ya ce za su duba yadda za a sa batun cikin dokoki don gaba. Shebwana ya aiko da buhun shinkafa, ta sa aka mayar masa.

Da makoki ya watse 'ya'yan suka roƙe ta ta bi su Mombasa, ta ce ba inda za ta. Da safe bayan sun tafi ta buɗe akwatin aikin Famau ta ɗauko kurfinsa da gudumarsa, ta ɗauki 'yar kujerar da take zama a kai in tana kankare kwakwa, ta sa lulluɓinta ta gangara kwana. Ta zauna ta kafa kurfi a tsinin kusurwar ta buga. Farar ƙasa ta zubo a cinyarta, dutsen teku ya ɓare cikin sauƙi, sai ga simintin a ƙasa, toka toka. Baƙi biyu suka leƙo daga sama. Ma'aikacin masaukin ya fito ya gani ya koma da gudu, ba a jima ba sai ga Bwana Lali yana haki, Shebwana a bayansa.

Bwana Lali ya ce mata cikin lallashi wannan laifi ne babba, ɓata gini a yankin da doka ta kare, kuma shi ba ya so a kai ga 'yan sanda. Ya tambaye ta me take nufi da wannan aiki.

"Hanyar makara nake gyarawa," in ji Somoe. "Makara. Ka ji na faɗa, yanzu ba mara lafiya a gidan da zan ji wa nauyi. Ni kaɗai na rage a lungun nan, ta gaba tawa ce, kuma a kwance zan fita."

Shebwana ya ce Gwaggo ginshiƙi ne, ko shekara za ta yi ba za ta ci shi ba, ta ce to ya fi ta sanin abin da ya kamata ya yi kafin shekarar. Ta gyara zaman kurfin ta sake bugawa, wannan karon ya sami rodi, ƙarar ƙarfe ta bi lungun har ƙofar gidansu. Hannunta ya yi zafi, ta yarfe shi ta canja wuri kaɗan ta ci gaba.